Inda Na Baro Baba Sule

Wata biyar ke nan da dawowata daga Italiya, amma har yau duk Alhamis ɗin da muka haɗu a unguwar Shifa bayan la'asar, kafin shayi ya zagayo sau biyu sai wani ya ce, "Injiniya, wai yaya ƙasar take ne?" Ni kuwa sai in zaro katunan hotuna daga aljihu in miƙa, a yi ta juya su ana mamakin gari a kan tsauni. Na gaji da wannan noƙe-noƙe. Ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Kun dai san mu biyu muka tafi, ni kaɗai na dawo. Yadda aka yi ne ba ku sani ba, kuma babu abin alfaharina ko ɗaya a ciki.

Saboda wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bai san mu ba: sunana Habibu, injiniyan gini ne ni, shekarata huɗu a Riyad ƙarƙashin wani ɗan kwangila da kowa ke kira Abu Fahad. Shi ne kafilina. Iƙamata, wato takardar zama, da ta matata da ta 'ya'yana biyu duk a wuyansa suke rataye, fasfunanmu kuma suna kulle a durowarsa. Kuɗin mai sun sa garin nan ya haukace da gini. Unguwar Ulaya da na tarar fili ce fetal, yau ba ka jin komai sai kukan injin kwaɓa siminti. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin gari kuwa da safe ake rushe su, kafin azahar motoci sun kwashe.

Baba Sule magini ne, mutumin Zazzau, irin waɗanda ke fitar da zane a fuskar soro da hannu. Tun yana da ƙarfinsa ya baro gida da matarsa Inna Hajara, ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna tafe yana yi wa mutane gini suna samun na abinci, har suka yi shekaru a hanya. Da suka sauke farali ba su koma ba. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne rak. A wurin Abu Fahad shi ke yin adon silin da na bango, kuma duk masu aikin, har Misirawa masu ji da kai, da "mu'allim" suke kiransa. Ya sha gaya mini cewa shi ba aiki ne ya riƙe shi a ƙasar nan ba. So yake in ajali ya zo ya same shi a kusa, Musulmi su wanke shi su sa shi a ƙasa, in da rabo ma a Madina.

Abu Fahad ne ya je hutun bazara Italiya, ya ga wani zaure a wani tsohon gari na kan tsauni a yankin Toskana, ya dawo ya ce ala tilas majalisar sabon gidansa na Nasiriyya haka za ta zama. Ya zube wa Baba hotuna. Baba ya duba ya ce hoto ba ya gaya wa hannu komai. Maganar da ta ja masa ke nan, domin nan take Abu Fahad ya ce, "Yalla, to je ka gani da idonka, ka kuma zaɓo mini dutsen daɓe. Habib ya raka ka, yana jin Turanci."

Da na je gidansa da maganar, Baba ya daɗe yana murza gemu.

"Ɗana, ni da na taka Sudan da ƙafa, ba tafiya nake tsoro ba. Garin da ba a kiran salla nake tsoro. In na faɗi a can, wa zai ɗauke ni?"

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, mako biyu ne fa da 'yan kwanaki. Kai da ka fi ni ƙarfi?"

Inna ta ce daga bayan labule, "Habibu, amana ce fa."

"Inna, ni zan dawo miki da shi har ƙofar ɗakin nan."

Gaskiyar magana, Turai nake son gani, kuma na san in ba da Baba ba Abu Fahad ba zai tura ni ko Jidda ba. Aka buga mana bizar fita da dawowa ta kwana goma sha takwas. Kun san dokarta: ka wuce rana ɗaya, iƙamarka ta mutu, ta iyalinka ta bi ta.

Masifar farko a filin jirgin Roma ta tare mu. Inna ta cika wa mijinta gwangwani biyu da dambun nama, ta haɗa da kilishi da ƙullin yaji. Ɗan kwastan ya buɗe, ya ce naman waje ba ya shiga. Baba ya dage yana yi masa bayani da Larabci cewa ragon layya ne, mai tsarki. Mutumin ya kwance ƙullin yajin ya kai hanci, sai atishawa, ɗaya, biyu, har biyar, abokan aikinsa na ta sheƙa dariya. Ai kuwa ya fusata, ya tattara komai ya watsa a kwandon shara. Baba ya tsaya yana kallon kwandon, sannan ya ce, "Kwana uku ta yi tana dakan naman nan." Ni a lokacin abin dariya na ɗauke shi.

Daga Roma jirgin ƙasa muka hau. Mutanen da muka zauna da su ba su da rowa, wannan kam ba zan ci zalinsu ba. Wani ya miƙo mana kwalbar giya, wani ya yanko naman da ko ba a faɗa ba ka san na mene ne, muna ta girgiza kai muna dafa ƙirji. Wata tsohuwa ta kama hannun babbar rigar Baba tana bin aikin allurar da yatsa, shi kuma ya ƙame yana salati a hankali. Ta taga kuwa gonaki ne iya ganinka, ko taki ɗaya na ƙasa ba su bari a banza ba. Inabi a jere kan waya, zaitun a gangare, tudu bayan tudu, kowane da gari a kansa da ganuwa da hasumiya. Muka wuce wani manomi yana huɗa da fararen shanu manya masu ƙaho. Baba ya taɓo ni ya ce, "Ashe su ma suna da Fulani."

Sai motar haya, wadda ta yi ta kewaya tsaunin da mu, ta sauke mu a ƙofar gari ta juya. Mota ba ta shiga. Mutanen da suka gina garin don tsoron yaƙi suka gina shi, saboda haka duk titin da ka kama matakala ne, kuma duk sama suke yi. Na ɗauki akwatunan biyu na yi gaba. Da na waiga sai na ga Baba a tsaye ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana kan ƙirjinsa.

"Baba, lafiya?"

"Dutsen nake dubawa. Dubi yadda suka haɗa bakinsa, ko wuƙa ba za ta shiga ba."

Sau huɗu ya tsaya duba dutse kafin mu kai masauki. Na gani sarai, amma na ce a raina gajiyar hanya ce.

Mai masaukin wata bazawara ce mai baƙaƙen kaya, Sinyora Ada. Ɗakin tsaf, sai dai a saman kowane gado akwai gicciye da ɗan mutum a jikinsa. Na yi ta kame-kame da ɗan littafin kalmomin da na saya a Roma, har ta gane, ta ɗaure fuska, ta cire su ta rungume a ƙirji ta fita. Ban ga laifinta ba, in ni aka ce wa in sauke ayar da ke bangon ɗakina saboda baƙo, ban san abin da zan yi ba. Buta babu. Da tulun furenta muka riƙa alwala. Alƙibla na fitar da kamfas ɗin aikina. Kowace sa'a ƙararrawar cocin garin sai ta kaɗa har gadon ya amsa, Baba kuma in lokaci ya yi sai ya tsaya a taga ya kira salla ƙasa-ƙasa, shi ladan shi liman, ni kaɗai mamu.

Abinci ne ya fi ba mu wuya. Rana ta biyu Baba ya leƙa madafa ya ga farin kitsen da take suya da shi, ya tambaya da hannu, ta tura hancinta sama da yatsa ta yi gurnani. Daga ranar bai ƙara cin abin da ya hau wutarta ba, in ban da dafaffen ƙwai. "Shi dai ba wanda ya shiga cikinsa," in ji shi. Sai burodinsu wanda ko gishiri babu, da man zaitun, da ɓaure. Ni kuwa na ci taliya da tumatir, na ci kifi, ban yawaita tambaya ba. Mutum mai shekara saba'in da wani abu yana hawan tsauni kullum a kan ƙwai biyu da burodi, ni ina gefensa ina tanɗe cokali.

Gaisuwarsu ma kalma ɗaya ce, a wuce. Ba mai tambayarka gajiya, ba mai tambayar mutan gida. Da yamma kuma duk garin sai su fito dandali, miji ya saƙalo hannun matarsa, su yi ta kai da komo ba inda za su. Baba ya ce wannan ai aikin marasa gona ne. Amma tsofaffinsu ba sa zama su kaɗai, kullum akwai mai miƙa musu kujera, wannan ya yaba.

Zauren da Abu Fahad ya gani yana cikin fadar masu garin na da. Da muka shiga sai da na kama baki. Bango huɗu da rufi, ba inda aka bari: mahaya, masu girbi, mata a bakin rijiya, sarakuna. A bango ɗaya an zana mutuwa, ƙashi tsura riƙe da lauje, tana yankan mutane, mai rawani da mai tsumma duk a zube wuri guda. Baba ya sunkuyar da kai daga siffofin mutanen, ya ce a'uzu billahi. Sai idonsa ya faɗa kan zanen da ya zagaye su, ganye da igiya sun sarƙe, ba ka ganin farko ba ka ganin ƙarshe. Ya matsa. Ya shafa bangon da tafinsa, ya ɗan kankara da farce, ya kai harshe.

Mai gadi ya taso yana ihu kamar an kama ɓarawo. Kafin in buɗe littafin kalmomina sai muka ji dariya daga sama. Wani tsoho ne gajere, fari fat da ƙurar farar ƙasa, yana saukowa daga kan katakon da aka kafa masa. Ya kori mai gadin da hannu, ya lakato bangon shi ma ya lasa, ya dubi Baba ya ce, "Mu'allim?" Sunansa Jino. Yana saurayi ya yi gini a Tarabulus ta Libiya, ya dawo da ragowar Larabci irin na wurin aiki. Aikinsa a yanzu gyaran waɗannan zanuka.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na kwana ukun da suka biyo ba. Jino ya nuna masa sirrin: ana shafa farar ƙasa ɗanya, a zana launi a kai kafin ta bushe, sai ta shanye shi ya zama jikinta. Don haka mai zane ba ya shafa sai iya abin da zai gama a yini. Kafin Jino ya ƙarasa bayani Baba ya ɗaga yatsa yana bin wani siririn layi da ni ban ma gani ba.

"Nan ya tashi ranar farko. Nan ta biyu. Nan kuwa ya makara, ta fara bushe masa, dubi yadda launin ya ƙi shiga. Ranar ba ya cikin hayyacinsa, wataƙila da mara lafiya a gida."

Na fassara abin da Larabcin Jino bai kai ba, da hannu da littafin kalmomina. Tsohon ya rungume Baba, ƙurar jikinsa duk ta koma kan babbar riga. Da muka fito Baba ya ce, "Mu namu damina uku in ba a yaɓe ba ya tafi. Soron da na yi wa ado a Zariya an ce siminti suka shafe shi da shi. Su kuwa sun ajiye mutum yana lallaɓa aikin wanda ya mutu tun kakannin kakanni."

Rana ta bakwai, da hantsi, yana hawan matakalar fadar ya durƙushe. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, leɓensa ya yi toka. Ni da Jino muka ɗauke shi zuwa masauki, Sinyora Ada ta ruga ta kira likitan garin, wani dogo mai jin Turanci. Ya daɗe yana sauraren ƙirjin Baba. Sannan ya ce mini zuciya ce. Ko dai a kwantar da shi asibitin da ke gindin tsauni, ko kuwa, in yana jin ƙarfi, in sa shi a jirgi gobe-gobe in mayar da shi gida. Hawa kam ko taki ɗaya kada ya ƙara. Ya ce, "Tambaye shi yadda yake ji yanzu. Ciwon yana nan?"

Na ce, "Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Dukanku kun san wannan amsa. Bahaushe ko ransa na fita haka zai ce, dattijo kuwa ba zai taɓa kai ƙarar jikinsa gaban yaro da baƙo ba. Ni ma na sani. Na ga yadda ya damƙe bakin zanen gado. Aikina a wurin shi ne in gaya wa likita cewa a wurinmu wannan ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Amma saura madatsar dutse, inda za mu zaɓo dutsen daɓen, ba mu je ba, kuma na hango fuskar Abu Fahad in muka koma hannu biyu. Na juya na ce wa likita, "Ya ce ya ji sauƙi sosai." Likita ya ɗaga kafaɗa, ya ba da ƙwayoyi, ya tafi. Da na bi maganar likitan ta biyu, da jibi Baba yana Riyad a ɗakin matarsa. Wannan shi ne abin da ke hana ni sakewa in kuna juya katunan nan.

Na bar shi ya huta kwana uku. Kullum in na tambaya, da sauƙi. Rana ta huɗu na ce, "Baba, ko za ka iya? Mota ce za ta kai mu har bakin wurin." Ya ɗauki hularsa. Motar ba ta kai bakin wurin ba. Akwai ɗan tudu tsakanin inda ta tsaya da inda aka jera duwatsun. Ya hau shi a hankali, ya zagaya, ya ƙwanƙwasa wannan ya saurara, ya tofa wa wancan yawu ya goge don ya ga jijiyarsa, ya nuna wani mai ruwan zuma ya ce, "Wannan." Sai ya zauna a kansa, daga nan bai sake tashi da ƙafarsa ba.

Asibitin gindin tsaunin sistocin coci ne ke jinya a ciki. Sun kula da shi, ban ga ƙyama a fuskar ko ɗaya ba. Likitocin suka ce yanzu kam maganar jirgi ta wuce. Na buga wa Abu Fahad tangaraho sau biyu. Amsar da ta zo daga magatakardansa layi ɗaya ce: mudir, wato maigidan, ya yi tafiya, biza ba a ƙara ta daga waje. Na zauna a bakin gado ina ƙirga kwanaki da yatsa a ɓoye, ina jin kunyar kaina. Jino kullum sai ya sauko da dafaffen ƙwai a cikin hularsa, ko da yake Baba ya daina ci.

Ranar goma sha shida da safe na ce, "Baba, yaya jikin?"

Ya dube ni ya ce, "Habibu, yau kam babu sauƙi." Ya huta. "Kai za ka wanke ni. Kada ka bari su taɓa ni da irin nasu. Ka sa ni a ƙasa, ka juya ni gabas. Ƙasa ai duk ta Allah ce, na haƙura da Madina."

Na ce to. Na riƙa laƙƙana masa kalmar shahada yana bi, har muryar ta koma motsin leɓe. Kafin azahar ya cika. Bai ce mini komai ba a kan madatsar dutse, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sistocin suka ba mu wani ɗaki. Ban taɓa wankan gawa ba, sai abin da na gani ina yaro. Na yi iya sanina, Jino na zuba mini ruwa yana kawar da kai yana share hanci. Likkafani Sinyora Ada ce ta kawo, fararen zannuwan gado sababbi da ta ajiye tun na aurenta, ta yaga su da hannunta yadda na nuna. Dokarsu sai da akwati, don haka na kwantar da shi a ciki ta gefen dama, na tokare bayansa da tawul. Na tsaya ni kaɗai na yi masa salla, kabbara huɗu, ba sahu a bayana.

Sai aka ce ba za a rufe shi ba. Baƙo ne, sai takarda ta zo daga birni, kwana uku ko huɗu. Na yi roƙo, na yi faɗa, na ce a wurinmu mamaci ba ya kwana. Ma'aikacin ya buɗe hannuwa ya nuna mini kalanda. Jirgin ƙarshe da zai kai ni Riyad cikin wa'adi na gobe ne. Na tuna matata da yaran, ranar da za a ƙwanƙwasa musu ƙofa a ce takardarsu ta mutu, ni ina wata ƙasa ba ni da hanyar shiga. Na zaɓa. Ba wanda ya tilasta ni.

Da la'asar Jino ya kai ni maƙabartarsu a bayan ganuwa. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Yawancin matattunsu ba a ƙasa suke ba. Bango ne dogaye masu ramuka hawa-hawa kamar durowar ofis, a tura akwati a toshe da dutse, a manna hoton mutum da fure. A tsakiya ne kawai akwai ɗan fili mai kaburbura na ƙasa. Na ja Jino can gefe inda ba kowa, na fitar da kamfas, na kafa turaku biyu. Na duƙa na damƙo ƙasa na nuna masa. "Fil ard, ya mu'allim. Turab. Huna." Wato a cikin ƙasa, a nan. Ya dafa ƙirji ya ce, "Tayyib, tayyib." Washegari na hau jirgi, Baba yana kwance a ɗakin sanyi na asibiti.

Da yawanku kuna wurin zaman makoki, kun ji abin da na faɗa. Inna ta tambaye ni daga bayan labule wa ya wanke shi, na ce ni. Ta ce an yi masa salla, na ce an yi. Ta ce kabarin fa? Na ce a gefe yake, ƙasa mai laushi, yana kallon gabas. Na faɗa kamar wanda ya zuba ƙasar da hannunsa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka cika ɗa."

Bayan mako shida wasiƙa ta same ni a ofis. Likitan nan dogo ne ya rubuta da Turanci, da bakin Jino. Jino ya ce da takardar birni ta zo ya je a haƙa inda na kafa turaku, sai mai kula da maƙabarta ya tuna masa dokar wurin: filin ƙasa na talakawa ne da marasa kowa, bayan shekara goma ana tone su, a zuba ƙasusuwan a rami ɗaya da na kowa, a ba wani wurin. Ya ce ya kwana biyu yana tunani, ya ga ba zai iya bari a yi wa mu'allim haka ba. Yana da gurbi a bango wanda ya tanada wa kansa kusa da matarsa. Shi ya ba Baba. A can ba mai taɓa shi har abada. Ya ce in yafe masa in ya yi kuskure, ya yi ne irin yadda zai yi wa ɗan'uwansa. Cikin wasiƙar da hoto: bango, ramuka, gicciye a dama, gicciye a hagu, a tsakiya farin dutse da sunan Baba da haruffan boko. Ban san ina fuskarsa take kallo ba.

Na so in ji haushin Jino, na kasa. Mutumin ya ba da abin da ya fi komai daraja a wurinsa. Wanda aka ce wa "ka sa ni a ƙasa" ni ne, ba shi ba.

Na ɓoye wasiƙar wata uku, ina ce wa kaina sai Inna ta fita takaba. Ta fita. Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗa mata duka, tun daga abin da na gaya wa likita har jirgin da na hau na bar shi. Na tura hoton ta ƙarƙashin labule. Na ji ƙarar carbinta ta tsaya.

"A sama yake ke nan."

"A hawa na uku, Inna."

"Shi wanda ya ba shi wurin, in ya mutu ina za a sa shi?"

"A ƙasa, Inna. Cikin filin."

"To," in ji ta. "Shi ya samu."

Ta turo mini hoton ya dawo ta ƙarƙashin labulen. Na zauna ina jira ko za ta ƙara wani abu, har aka kira magariba. Ba ta ƙara ba.